Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ali Nuhu, Shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya



Ina da koke guda tun da aka damƙa maka wannan kujera a Janairun 2024: a yi mana fim ɗin Hausa da zai nuna tashin hankalin Arewa ta idon yaro.

A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara. A Fabrairun 2021, 'yan mata 279 a Jangebe. A Maris 2024 abin ya zo Kuriga, nan jiharmu ta Kaduna, inda yara 137 suka dawo bayan fiye da mako biyu a daji. An ɗauki hotonsu a gidan gwamnati, kowa ya watse. Wa ya bi su gida ya ga yadda suke barci?

Wasu sun gwada irin wannan aiki. Ezra, fim ɗin Newton Aduaka kan yaron da aka tilasta wa ɗaukar bindiga, ya lashe babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu a 2007. The Milkmaid na 2020 da Hausa aka yi mafi yawansa, amma nawa ne suka gan shi a Makarfi, Ikara ko Kudan?

Shawarata uku ce. Ta farko, kada a mai da ɗan bindiga jarumi. A bar kyamara kan yarinyar da ke shigewa ƙarƙashin gado in ta ji ƙarar babur, da yaron da ya fasa sassaƙa motar kara ya koma sassaƙa bindiga. Ta biyu, a zauna da iyaye, malamai da likitocin ƙwaƙwalwa kafin a rubuta labari, kuma kada a sa yaron da abin ya shafa ya maimaita shi gaban kyamara. Ta uku, a dawo da majigi, a haska fim ɗin kyauta a filayen makarantu da kasuwannin ƙauye, a gayyato masu mulki su zauna cikin jama'a su kalla. Gani ya kori ji.

Kannywood ta iya sa mu kuka kan soyayya. Waɗannan yaran sun fi cancantar hawayenmu, kuma hukumarka ce za ta iya haɗa kuɗin da masu basirar.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani uba daga Nasarawan Doya, ƙaramar hukumar Makarfi