Kafin a zaro takobi, a fara tanadar wa hannu kariya

A ƙasar da sarkin kokowa ke karɓar takobi tun gasar farko ta 1975 a Tahoua, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, ba abin mamaki ba ne matasa su yi sha'awar koyon sara da kare sara. Hotunan Turawa masu atisayen takobin da a YouTube da TikTok sun ƙara ingiza su. Sha'awar ba laifi ba ce. Laifin shi ne shiga fage da hannu tsirara.

Takobin Hausa da na Abzinawa miƙaƙƙe ne mai baki biyu, kuma ɗan ƙarfen da ke gicciye a ƙotarsa bai rufe yatsu ba. Hannu kuwa shi ke gaba da sauran jiki, don haka shi sara ke fara samu. Ko takobin ba shi da kaifi, ko na itace ne, nauyinsa ya isa ya karya babban yatsa. Tela ko makanike ko manomin rani a Jiratawa da ya karye a yatsa ya yi asarar makonni na neman abinci, ban da kuɗin ɗori.

Wasu za su ce sa kariya ragwanta ce, wai kakanni laya kawai suka dogara da ita. Ba haka tarihi ya nuna ba. Barden Katsinawan Maraɗi da na Gobirawan da suka kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836 sun san sulke da lifidi da kwalkwali da garkuwa. Wanda ya ɗora wa dokinsa lifidi ba zai raina mai rufe yatsunsa ba.

Amma ba kowace safar hannu ce za ta yi ba. Ta 'yan kabu-kabu don iska da ƙura aka yi ta, ta masu walda kuma don wuta. Wadda ake buƙata tana da ɓawo mai tauri a bayan hannu, da soso ko auduga a ciki, ta rufe babban yatsa har ƙarshensa, ta sauko ta kare wuyan hannu. Mai haɗe yatsu huɗu wuri guda ta fi tsaro, ko da yake tana rage sakewa. A gwada ta da takobi a hannu: in riƙo ya gagara, ba ta yi ba. Zafin watan Afrilu a Maraɗi ma abin lura ne, domin safar da ta cika nauyi cire ta za a yi a tsakiyar wasa.

Na waje da tsada, ga kuɗin aike. A nan 'yan uwa mazauna Faransa da Beljiyam da Amurka za su iya taimakawa: guda ɗaya ta isa samfuri. Dukawa da maƙeran Maraɗi da Tibiri su kwance ta, su ga ɗinkinta, su fitar da tasu da kirgi mai kauri da ƙarfe, a gwada ta da sanda a kan kututture kafin kowa ya zura hannu ciki.