Likita ma yana buƙatar mai duba shi

Idan ciwo ya fi ƙarfin asibitocinmu na Bakura, Maradun ko Talata Mafara, aka garzaya da mutum Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, galibi wanda zai tarbe shi da tsakar dare likita ne mai neman ƙwarewa. Ya gama karatun shekara 6, ya sake shiga horon da kan ci shekara 5 ko fiye. Yana kwana kan majiyyata, gari ya waye ya ci gaba da aiki, ga jarrabawar kwalejin ƙwararru tana jiransa.

A cikinsu akwai waɗanda nauyin ke rinjaya, kuma ba sa faɗa. Alamun kan fara bayyana a gida: wanda ya saba kiran mahaifiyarsa kullum ya yi shiru, mai haƙuri ya koma mai saurin fushi, barci ya ƙaurace masa, ya faɗi jarrabawa ya ɓoye. A wurin aiki kuma sai mantuwa da makara.

Mu kuwa me muke yi? Mun riga mun yanke cewa “ɗanmu ya zama likita”, sai mu ɗora masa kuɗin makarantar ƙanne da hidimar bikin dangi. In ya ce ya gaji, mu ce masa raggo, ko mu zarge shi da ƙarancin tawakkali. Alhali ciwon damuwa cuta ce mai magani, kuma neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

Malamai, ciki har da Imam Gazali, sun lissafa likitanci cikin farillan kifaya: wasu ne ke ɗauke wa al'umma duka. Ashe wanda ya ɗauki wannan kaya a madadinmu yana da haƙƙi a kanmu. Iyaye da mata su rage buƙatu, su bar shi ya yi barci ran hutunsa, su tambaye shi lafiyarsa kafin su tambaye shi kuɗi. Manyan likitocin da ke horar da shi su ja shi gefe tun da wuri, domin nasiha a keɓe gyara ce, a gaban majiyyata kuwa tozarci ce.

Sai dai rufin asiri ba ya nufin kau da kai daga kuskuren da zai cutar da mara lafiya. A rage masa kwanan aiki, a tsaya a kansa, a haɗa shi da likitan da zai duba shi. Ɗaliban da ke burin wannan aiki su riƙe tun yanzu cewa faɗin “na kasa, a taimake ni” amana ce, ba abin kunya ba.

Duk likitan da ya durƙushe ko ya ajiye aiki, layin asibiti ne ya ƙara tsawo, kuma mu ne a layin. Allah Ya ƙarfafi masu jinyarmu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙinsu.