Hantar kifi ba ta ƙarya: darasi daga Idu zuwa Kara

Duk wanda ya tashi a harkar shanu ya san in an yanka saniya, hanta na cikin abin da likitan dabbobi yake dubawa. Nan ake gane abin da ta ci da abin da ta sha. To, masana kimiyya ma haka suke yi wa kifi don gane lafiyar ruwa, kuma wannan magana ta shafe mu kai tsaye.

A jikin kifi akwai wasu sinadarai da ake kira enzayim, su ke narkar da abinci, su tace guba, su tafiyar da saƙon jijiyoyi. In guba ta taɓa hantar tarwaɗa ko karfasa, enzayim biyu, ALT da AST, sai su ƙaru a jininta, su ɗin da ake aunawa a asibiti in ana zargin ciwon hanta. In kuma maganin ƙwari irin Sniper ne ya shiga ruwa, yakan danne wani enzayim na ƙwaƙwalwa da tsoka, ka ga kifi yana tangaɗi kamar ya bugu.

Me ya sa ba a tsaya ga auna ruwan kawai ba? Saboda kwalbar ruwa labarin sa'ar da aka ɗebo ta kaɗai take bayarwa. Mai zubar da dagwalo da tsakar dare, kafin safiya ruwa ya wuce da shi. Kifi kuwa yana ciki dare da rana, shaidar na jikinsa tun kafin ya mutu ya taso sama.

Ku dubi Idu a Abuja. Da yawanmu tashar jirgin ƙasan Kaduna muka sani, wadda ta fara aiki a 2016. Amma nan ne unguwar masana'antu, nan ne matatar Wupa da ke tace ruwan bahayan birnin ta sake shi cikin kogin Wupa, nan ne kuma cibiyar binciken magunguna ta NIPRD. Masu zubar da ruwa da masu ilmin gwaji maƙwabtan juna ne. Abin da ya kamata shi ne hukumar AEPB da NESREA, wadda aka kafa a 2007, su riƙa kama kifi sama da ƙasan matatar a kai a kai, a gwada, a bayyana sakamakon kowa ya gani. Makiyayin da ke shayar da garkensa a ƙasan kogi yana da haƙƙin sani.

Mu ma a Kudu fa ba 'yan kallo ba ne. Kasuwar Kara ta jihar Ogun, kusa da Legas, a bakin kogin Ogun take, jini da kashin dabbobi ruwa suke gangarawa, kuma shanunmu da 'ya'yanmu na mu'amala da ruwan. Ranar da kifi ya mutu da yawa, ba sai an faɗa ba, Bahaushe za a fara nunawa da yatsa, ko da gubar daga wani kamfani ta fito. Gwajin da aka saba yi ne zai raba mai laifi da marar laifi, domin dagwalon kwata daban, maganin ƙwari daban.

Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwannin shanu, ku nemi jami'o'in da ke kusa da ku a fara wannan gwaji tun ba a zo da kwaɗo a rufe kasuwa ba. Rigakafi ya fi magani.