Lilon Gindin Tsamiya

Duk wanda ya saba zama wurin hirar dattawa a ƙasar Dutse ya san in zance ya faɗa kan ƙuruciya, da wuya a tashi ba a ambaci lilo ba. Sai a ga tsoho mai furfura ya gyara zama, ya ɗaga sandarsa ya nuna wani wuri, ya ce a nan tsamiyarsu ta ke a da, a nan su ke shan lilo tun daga la'asar har almuru. In yaro ya waiwaya ya dubi wurin, ba zai ga tsamiya ba, ba zai ga igiya ba. Sai katangar bulo, ko kanti, ko kwalta. Lilon ya tafi, ba abin da ya rage sai labarinsa a bakin waɗanda suka hau shi.

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Amma fa tunawa iri biyu ce. Akwai wadda ta ke ƙarewa da ajiyar zuciya, a tashi a kaɗe riga kowa ya nufi gida. Akwai kuma wadda ta ke sa mutum ya miƙe ya yi aiki. Ta biyun ita ce mai amfani, ita ce kuwa ta kamaci lilo. Wanda ya sha lilo yana yaro bashi ya ci. Ba a biyan wannan bashi da labari, sai mutum ya bar wa na baya wurin da su ma za su sha nasu.

Lilon da ba shi da wuyar yi. Ƙasar Dutse ƙasar dabino ce, amma ba a ɗaura lilo a dabino, gama ba shi da reshe. Sai a nemi itace mai rassa masu ƙwari, irin tsamiya. A samo igiyar rama ko ta ɓawon kuka, wadda aka tuƙa da kauri. Yaron da ya fi kowa iya hawa shi ne zai hau ya ɗaura bakinta biyu a reshe, tsakiyarta ta sauko daidai gwiwa. Sa'an nan a ɗora guntun katako ko tsohon buhu wurin zama. Shi ke nan an gama, ba a kashe ko anini ba.

Hawan ma da ƙa'idarsa. Ɗaya ya zauna, ɗaya ya tura, saura suna gefe suna ƙidaya. In an cika goma ko ashirin, gwargwadon yadda aka shirya, sai na sama ya sauko, na ƙasa ya hau. Wanda ya ƙi sauka, gobe ba mai tura shi. Jarumai ba su jiran turi. Su kan tsaya tsaye bisa katakon, suna durƙusawa suna miƙewa, har kansu ya kusa taɓa ganye. Daga can su kan hango jinkunan ɗakuna, da rumbuna, da duwatsun da suka kewaye gari. Dattawa su kan ce daɗin lilo duk yana wuri guda, watau sa'ad da ya kai ƙarshen tafiyarsa ya tsaya cak kamar ƙiftawar ido, kafin ya juyo. A nan ne hanjin yaro ya kan kaɗa, dariya ta kuɓuce masa.

Ban da lilo, yaran ƙasar duwatsu suna da wani abin hawa da Allah ya hore musu, watau dutsen zamiya. Yaro ya hau fa mai gangara, ya zauna bisa ganye ko falalen dutse, ya zamo sululu har ƙasa. Wannan wasa tsoho ne ƙwarai. A 1955 wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya je Birnin Kudu duban zane-zanen da ke jikin duwatsu. A can ya tarar da duwatsun da ke amo kamar ƙararrawa in an buga su. Daga baya ya bayyana cewa sau da yawa kusa da irin waɗannan duwatsu a kan sami dutsen zamiya, wanda ya yi santsi saboda yawan zamewar da aka yi bisansa shekara da shekaru. Ashe tun kaka da kakanni ba a raba yaro da abin hawa.

To, me ya sami lilon tsamiya? Ran 27 ga Agusta, 1991, aka cire Jihar Jigawa daga Jihar Kano, aka mai da Dutse babban birninta. Gari ya cika, ya batse. Aka gina ofisoshi da makarantu da asibitoci, aka shimfiɗa tituna. Wannan duk alheri ne, ba mai hankalin da zai ƙi shi. Amma sa'ad da a ke awon filaye, ba kullum a ke tunawa da yara ba. Itacen da ya tsaya a hanyar gini sai a sare shi. Wani kuma masu itacen girki da masu gawayi su gama da shi. Tsamiya ta kan yi shekaru masu yawa kafin reshenta ya iya ɗaukar yaro, amma gatari ya kan kayar da ita tun hantsi bai dubi ludayi ba.

Wani zai ce ai zamani ya kawo abin da ya fi igiya. Gaskiya ne an kawo lilon ƙarfe. Yaran da suka yi sa'a a kan kai su Kano ran salla, su shiga Gidan Zoo wanda aka kafa a zamanin Gwamna Audu Bako, su ga namun daji, su hau lilo. A manyan garuruwa kuma an buɗe wuraren wasa masu injuna, da majaujawa mai dawaki, da ƙaramin jirgin ƙasa. Sai dai a wurare da dama, in mutum ya koma bayan 'yan shekaru, ya kan tarar inji ya tsaya, tsatsa ta cinye sarƙa, awaki suna tuƙa a inuwar dawakin. Waɗanda suka hau su jiya su ma sun shiga sahun masu ba da labari. Ke nan da na igiya da na ƙarfe ciwonsu ɗaya ne. Ba tsufa ke kashe lilo ba, rashin mai kula ne.

Wannan magana ba a ƙasar Hausa kaɗai ta tsaya ba. Labarin waɗansu manyan lilo biyu na ƙasashen Turawa ya isa shaida.

Na farko an kafa shi a birnin Shikago na Amurka a 1893, domin wani babban bajekoli na duniya. Injiniyan da ya tsara shi sunansa George Ferris. Siffarsa kamar ƙafar keke ce a tsaye, amma tsawonsa ƙafa 264 ne, watau wajen mita 80. Yana da ɗakuna 36 a rataye, kowane ɗaki yana cin mutum 60, ke nan ya kan iya ɗaukar mutum 2,160 gaba ɗaya. Injin tururi ke juya shi, ya kan yi kewaye biyu cikin minti 20. Mutum fiye da miliyan ɗaya suka biya kuɗi suka hau. Da bajekoli ya watse aka kwance shi, aka sake kafa shi a wata unguwa, bai yi ciniki ba. A 1904 aka kai shi birnin St. Louis. Da aka rasa mai ɗaukar nauyinsa, ran 11 ga Mayu, 1906, aka sa masa nakiya aka rushe shi, aka sayar da ƙarafan. Shekara 13 kaɗai ya yi a duniya. Abin da ya rage sai hotuna, da sunan mai shi, gama har yau da sunan Ferris Turawan Ingilishi ke kiran irin wannan lilo.

Na biyu yana Biyana, babban birnin Ostiriya. An gina shi a 1897, bai kuwa kai na Shikago tsawo ba, wajen mita 65 ne. A cikin Yaƙin Duniya na Biyu wuta ta ci shi. Mutanen garin ba su tsaya ga juyayi ba. Suka gyara shi, suka rage ɗakunansa daga 30 zuwa 15, ya koma aiki a 1947. Yau ya haura shekara 125, yana nan yana juyawa, jikoki suna hawa inda kakanninsu suka hau. Babban ya mutu ba tare da yaƙi ya taɓa shi ba, ƙaramin ya sha wuta ya rayu. Bambancinsu guda ne: ɗaya ya sami masu kula, ɗaya bai samu ba.

Akwai masu cewa lilo ɓata lokaci ne, gara yaro ya zauna ya riƙe littafi. Karatu wajibi ne, babu shakka. Amma shi lilo malami ne, ko da ya ke ba ya riƙe alli. A gindinsa yaro ke koyon jiran layi, da ƙidaya, da cika alkawari, da tausayin na ƙasa da shi. Har ilmin kimiyya yana cikinsa. In ƙaton yaro da ƙaramin yaro suka hau lilo guda bi da bi, lokacin zuwansu da dawowarsu kusan ɗaya ne, domin ba nauyi ke tsara shi ba, tsawon igiya ne. Igiya mai tsawon mita 1 ta kan je ta dawo cikin wajen daƙiƙa 2, mai mita 4 kuwa cikin wajen daƙiƙa 4. Wani masani ɗan Italiya, Galileyo, wanda ya rasu a 1642, shi ya binciki wannan al'amari. A 1656 wani masani ɗan ƙasar Holan, Huygens, ya yi amfani da shi ya tsara agogo mai lilo. Kowane ɗan makaranta yana iya gwada wannan da zare da tsakuwa, ya gani da idonsa.

Akwai kuma masu cewa lilo yana da haɗari, yaro ya kan faɗo ya karye. Wannan ma ba ƙarya ba ce. Amma in aka bincika, yawanci ko dai igiya ce ta sha ruwan damina ta ruɓe ba a canja ta ba, ko reshe ne gara ta ci, ko wani ne ya tsaya a gaban lilo, ko an tura ƙaramin yaro da ƙarfin da ya fi shi. Duk waɗannan suna da magani, rigakafi kuwa ya fi magani. A duba igiya da reshe, a kwashe duwatsu daga ƙasa, a zuba rairayi. Rairayi ba ya wuya a jihar da sunanta ma daga jigawa ya samo asali. In an hana yaro lilo ba a hana shi wasa ba, an dai kore shi zuwa bakin titi inda motoci da babura ke wucewa, ko bakin kududdufi da damina. Haɗarin can ya fi na lilo nesa ba kusa ba.

Saboda haka kowa da aikin da ya rataya a wuyansa. Masu awon filaye su riƙa ware wa yara fili a kowace sabuwar unguwa, kada kuma a waiwayo a yanka shi a sayar. Masu unguwanni da dagatai su tsare manyan itatuwan da suka rage. Wanda ya kafa lilon ƙarfe ya tanadi kuɗin mai da fenti da na mai walda tun ran da ya kafa shi, gama saye ba shi ne wuya ba, riƙo shi ne wuya. Dattawan da suka iya tuƙa igiya su koya wa jikokinsu tun hannu yana da ƙarfi.

'Yan makaranta su ma ba a bar su a baya ba. Yaro mai hankali ba ya kwance ƙusar lilo ya sayar wa masu gwangwan, ba ya yanka igiya, ba ya barin mutum uku su hau abin da aka yi domin mutum ɗaya. In ya ga sarƙa ta soma cinyewa ya kan gaya wa malami tun ba ta tsinke ba. Mafi alheri duka, kowane aji ya dasa itace a filin makaranta da farkon damina, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki, a riƙa ba shi ruwa da rani. Darbejiya ta kan yi saurin girma ta ba da inuwa. Tsamiya ba ta da sauri, mai dasa ta ba lalle ne ya sha lilo a reshenta ba. Amma tsamiyar da dattawan yau su ke tunawa, ai su ma ba su suka dasa ta ba, tarar da ita suka yi.

Yaron yau shi ne dattijon gobe. Wata rana shi ma zai zauna bisa tabarma, jikoki su kewaye shi su ce ya ba su labarin lilonsu na da. Abin da ya fi kyau a ran nan shi ne, in ya ɗaga sandarsa ya nuna, yara su waiwaya su ga itace a tsaye, da igiya a rataye, da ɗan'uwansu a kai.

Tambayoyi

1. Don me ba a ɗaura lilo a dabino?
2. A wace shekara Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa?
3. Me ya bambanta lilon Shikago da na Biyana?
4. Mene ne ke tsara lokacin zuwan lilo da dawowarsa?
5. Waɗanne abubuwa uku ɗan makaranta zai yi domin lilo ya daɗe?