Kafin a Sauke Giyabos, a Saurari Ribas

Idan mota mai giyar hannu ta ƙi shiga ribas, hukuncin da aka fi saurin yankewa a gareji shi ne a sauke giyabos. A ganina wannan mataki ne na ƙarshe, domin shi ya fi tsada, kuma sau da yawa ba can cutar take ba.

A yawancin motoci, giyoyin gaba suna da zoben da ke daidaita gudunsu kafin haƙora su haɗu. Ribas ba ta da wannan gata. Wani ƙaramin giya ake turawa tsakanin wasu biyu don ya sauya alƙiblar juyi, kuma haƙoransa miƙaƙƙu ne, shi ya sa mota ke kuka idan tana ja da baya. Wani lokaci haƙori kan ci karo da haƙori. Maganinsa kyauta ne: a tsaya cak, a taka kuloci, a sa lamba ɗaya, sannan a koma ribas. Wasu motocin ma da kariya aka ƙera su. A Golf 3, sai an danna sandar giya ƙasa.

Idan matsalar ta ci gaba, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. A kashe injin, a gwada. In ribas ta shiga salin-alin, amma da an tayar da injin sai ta yi ƙara ta ƙi, to kuloci ne ba ya saki sosai: ko mansa ya yi ƙasa, ko iska ta shiga layin, ko wayarsa ta saki. In kuwa ta ƙi ko da injin a kashe, sai a duba sanduna ko wayoyin da ke haɗa sandar giya da giyabos, domin robobinsu kan cinye.

Gaskiya ne haƙoran ribas kan lalace, musamman a hannun direban da ke cusa ta da ƙarfi ko kafin mota ta gama tsayawa. A nan babu makawa sai an buɗe giyabos. Amma bincike ne ya kamata ya kai mu can, ba zato ba.

Saboda haka mai mota yana da haƙƙin tambayar bakanike abin da ya gwada kafin ya ɗauki sifana. Ƙwararre ba ya jin haushin wannan tambaya, domin amsarta na bakinsa.