Albarushin Gida da Dokar 1959 a Kudancin Katsina

A Amurka, mai ƙaramar bindiga kan sake ɗura harsashinsa a gida don nishaɗi. A ƙauyukan Funtuwa da Malumfashi kuwa, manomin da ke cusa albarushi a bindigar toka so yake ya ga girbin masararsa. Sai dai Dokar Makamai ta 1959 ta haramta ƙera bindiga ko harsashi ba da izini ba, don haka maƙerin da ƙauye ke dogaro da shi mai laifi ne a idon hukuma.

Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 ba ta kai kowane lungu ba. Kare kai kuma yana da tsada: gwamnati ta ce harin masallacin Unguwar Mantau na Agustan 2025 ramuwar gayya ce kan kwanton ɓaunar da mazauna suka yi wa 'yan bindiga.