Rawa Ma Adabi Ce

Wasu 'yan'uwa marubuta sun dage cewa rawar dandamali shashanci ce, ba ta cancanci shafi a mujallar adabi ba. To, su duba DESH, wasan da Akram Khan ya fitar a Ingila a 2011. Haifaffen Landan ne, iyayensa 'yan Bangaladash. Shi kaɗai ya hau dandamali, ya zana fuska a tsakar kansa, ya sunkuya ya rikiɗe mai dafa abinci, yana neman asalinsa cikin kaɗaici. Wasan ya ci kyautar Olivier a 2012. Mu kuwa, wa ya taɓa rubuta sharhi, ko na shafi ɗaya, a kan 'yan Koroso? Raini ne, jama'a, mu daina.